Bayanin da Muka Rubuta wa Na'ura a Ofishin Ƙwai

Shekarar da na bar aikin gwamnati, wani aminina ya ɗauke ni in riƙe masa ofishin gonar kajinsa. Gonar tana Rigachikun, ofishin kuma ɗaki ne guda a Unguwar Dosa, inda masu shayi da masu gidan burodi suke turo odar ƙwai. Mu biyu ne a ciki, ni da wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke zaune a Abakpa, wadda ta karanci kwamfuta. Ina ce mata Madam, tana ce mini Malam.

Ita ce ta haɗa mana wata manhaja mai jera aiki. Da zarar oda ta shiga, manhajar za ta sanar da gona, ta tura wa direba adireshi, ta kuma aika wa mai saye saƙo cewa kayansa na hanya. Abin da ya rage mana shi ne danna maɓalli. Daga baya Madam ta kawo wani mataimaki na ƙirƙirarriyar basira, irin wanda yake hira da mutane a waya, domin ya riƙa karɓar oda ya danna maɓallin da kansa.

"To yaya zai san lokacin dannawa?" na tambaye ta.

"Bayani za mu rubuta masa, Malam. Ba ya ganin manhajar, abin da muka faɗa a kanta kawai yake karantawa. In bayanin ya yi kyau, aikin ya yi kyau."

Daɗi ya kama ni, don rubutu sana'ata ce tun ina ma'aikata. Na zauna na rubuta layi ɗaya: "Wannan manhaja tana kula da oda." Madam ta karanta ta yi murmushi, ta ce mu gwada. Ta kashe hanyar da ke kai saƙo gona, ta bar ta direba kawai, shi ma an gaya masa wasa ne.

Ta zama mai saye. Ta rubuta, "Nawa ne kiret yau?" Kafin ta ajiye waya, direban ya kira daga Kawo yana dariya, wai an tura shi kai kaya gidan da ba shi da adireshi. Tambayar farashi kawai aka yi, mataimakin ya tayar da mota.

Daga ranar abin ya zama mana kamar gasa. Ina gyara bayani, tana neman hanyar kayar da shi. Wani lokaci ta zama mai shayi mai gajeren magana, wani lokaci tsohuwa mai doguwar gaisuwa, har Sakkwatanci ta gwada, duk da ba ta iya ba. Kowane gwaji muna duba ko ya danna a inda ya dace, ko ya yi haƙuri a inda bai dace ba, ko ya nemi abin da ba a faɗa masa ba. Na ƙara cewa sai an ba da yawan kiret da unguwa da ranar kaiwa. Na ƙara cewa in an danna ba a iya janyewa, don mota za ta tashi. Wannan jimlar ta fi komai aiki, domin tun da ya karanta ta ya daina gaggawa.

Akwai inda muka yi gardama. Ni ina son in cika bayanin da tarihin gona da kirarin ƙwanmu. Madam ta ce, "Malam, ba talla muke yi ba. Ka ɗauka sabon ma'aikaci ne ya zo yau, ba wanda zai tambaya." Na goge sakin layi biyu ina ƙunƙuni, muka sake gwadawa, sai ga shi ya fi fahimta.

Wata safiyar Litinin muka buɗe masa hanyar gaske. Muka jawo kujeru gaban allo ɗaya, na manta da kokon da na saya. Saƙon farko daga wata mai gidan burodi ne a Malali: "A kawo mini kamar na rannan."

Mataimakin ya gaishe ta, ya ce bai san na rannan ba, kiret nawa take so, wace unguwa za a kai, kuma yau ne ko gobe? Ta ce ashirin, Malali, yau. Ya maimaita mata, ta amsa, sannan ya danna.

Madam ta miƙe tsaye tana tafi. Ni kuwa waya na ɗauka na kira gona, ina tambaya ko sun ga saƙo, alhali ina kallonsa a allo. Mai kula da kajin ya ce sun gani, har an fara lodi.

Da la'asar matar ta biyo ta ofis, ta ce tana son ta gode wa yaron nan mai ladabi da muka ɗauka. Madam ta juya allon gaban matar, muka shafe kusan awa muna nuna mata yadda yake aiki, matar tana ta tura masa tambayoyi daga wayarta.