Yaya Gola a Kan Falwaya

Yayana ma'aikacin wutar lantarki ne, cikin masu hawa falwaya. A unguwa ana ce masa Gola, domin da ƙuruciyarsa shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar layinmu, har sai da gwiwa ta hana shi. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa duk kanta. Idan aka ɗauke wuta, ƙofarsa ake bugawa, a zage shi kamar shi ya zuba ta a aljihu. Ba ya ramawa. Amma a taɓa zancen ƙungiyar ƙasa, sai ka ga wani mutum daban. Ya san makin kowace ƙasa a rukuninmu, ya san wanda ke da katin gargaɗi da wanda ke jinya. Matarsa, wadda muke ce wa Anti, takan ce da lissafin gida yake yi haka, da tuni sun gina bene.

Shekarar da nake magana, wasannin neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya sun zo mana da wuya. Muka fara da rashin nasara, muka farfaɗo, har ya rage wasa ɗaya a waje. In mun ci mun wuce, in aka yi kunnen doki mun fita.

Yaya ya roƙi hutun ranar tun da wuri, aka ba shi. Da la'asar ya sa rigar ƙungiya, ya ja kujera gaban talabijin, ya kashe fanka da firji don kada su ja wuta. Ni ma na rufe shagon ɗinkina na zo. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Yaya bai ko taɓa ruwan da Anti ta ajiye masa ba.

An dawo ke nan, ɗan wasanmu na gefe ya kwaso ƙwallo a guje, sai muka ji ƙara daga ƙarshen layi, tau! Talabijin ya mutu. Unguwa ta yi tsit, sannan ihu ya tashi daga ko'ina.

"Taransifoma ce," in ji Yaya. Bai motsa ba.

Anti ta ce, "Hutu kake yi. Ka ji ko? Hutu."

Wayarsa ta yi ƙara. Abokin aikinsa ne, wani dattijo da ake ce wa Foman, wanda ke bakin aiki a ranar. Har ni ina jin hayaniya a bayan muryarsa.

"Gola, sun kewaye ni. Fiyus ne ya tashi a sama, ni kuma ka san ƙafata. Don Allah ka zo, za su fasa motar aiki."

Yaya ya ɗauko ɗamararsa ta hawa falwaya da safar hannu daga bayan ƙofa. Anti ta tare hanya, ya dube ta kawai, ta kauce tana ƙunƙuni. Ya ce mini, "Taso ka riƙe min tsani."

Da muka isa, titi ya cika. Gidan kallon da ke kusurwa janaretansa ya ƙi tashi, duk mutanen ciki sun fito, ga na gidaje sun haɗu da su. Wasu na ɗaga waya sama suna neman sabis. Foman yana jingine da motar aiki, hularsa a ƙasa, gilashin gefe ya riga ya tsage.

"Ga Gola nan! A ba shi hanya!"

Muka jingina tsani. Yaya ya ɗaura ɗamara, ya sa safa, sannan ya tsaya. Ya tambayi Foman ko an kashe layin daga tashar wuta.

Foman ya ce, "Ina ta kira, ba ta shiga."

Yaya ya gwada da tasa wayar. Kowa a garin yana kan waya yana neman wasan, kira ba ya tafiya. Ya sake gwadawa, ya sake.

"Malam, hau mana!" wani ya ce. "Wuta ai ba ta nan, me za ta yi maka?"

"Ta gidajenku ce ba ta nan," in ji Yaya. "Ta sama tana nan da ranta."

Ba wanda ya saurara. Aka fara matsowa. Wani ƙaton mahauci, wanda muke sayen nama wurinsa tun muna yara, ya shaƙo wuyan rigar Yaya har ta yage.

"Ka sa rigar ƙasa kana yi wa ƙasa zagon ƙasa? Za ka hau ko sai mun ɗora ka?"

Na saki tsani zan shiga tsakani, Yaya ya daka mini tsawa in koma. Bai ɗaga hannu ba. Ya ce wa mahaucin, "Ka fi ni son ganin wasan nan ne? In na hau yanzu, gawata za ku sauko da ita, kuma wutar ba za ta dawo ba. Sake ni in yi waya."

Dutse ya faɗo a kan motar. Sai wani tsoho mai gyaran takalma ya kutso da ƙaramar rediyonsa, ya ɗora ta a kan motar, ya ƙure murya. Muryar mai sharhi ta fito tana rawa: har yanzu ba ci, muna ta kai hari. Kawuna suka juya. Mahaucin ya saki rigar ba tare da ya sani ba.

Ana cikin haka kiran ya shiga. Yaya ya toshe kunne ɗaya, ya sa mutumin tasha ya maimaita masa cewa an kashe layin, ya sake sa shi ya maimaita. Sannan ya ce bisimilla, ya kama tsani.

Yana can sama ya zagaya ɗamara a jikin falwaya, yana kwance fiyus ɗin da ya ƙone, sai mai sharhi ya ƙwala ihu. An ba abokan karawarmu fanareti.

Mutane suka yi kan rediyo gaba ɗaya, kamar kusantarta zai canza hukuncin. Suka danne ni da tsanin. Ina cewa a yi hankali, akwai mutum a sama, muryata ba ta fita. Daga can Yaya ya sunkuyo.

"Wa zai buga? Mai ƙafar hagun?"

"Yaya, yi aikinka!"

"Ya faɗa dama," ya ce, yana magana da golanmu da ke wata ƙasa. "Dama za ka faɗa, yaro."

Titi ya yi shiru har ina jin ƙarar filayarsa. Sai mai sharhi ya ce golanmu ya kaɗe, ya kaɗe! Jama'a suka yi tsalle lokaci guda. Wani ya banke ni, na faɗi, tsanin ya zame ya daki motar.

Da na ɗaga kai, Yaya yana reto a jikin ɗamara, hannu ɗaya ya maƙale ƙarfen giciye, ƙafafunsa na neman wurin takawa. Mahaucin ne ya fara gani. Shi kaɗai ya ɗaga tsanin ya mayar, ya dafe shi da ƙirji yana cewa, "Taka nan, Gola, taka nan, na riƙe."

Yaya ya taka. Ya daɗe kansa a jikin falwaya yana numfashi. Foman ya ce ya sauko haka nan, shi kuwa ya koma kan fiyus ɗin. Da hannu ɗaya da haƙori ya ƙarasa ɗaurin. Ya sauko a hankali, hannun damansa na lilo, ya ba Foman waya ya ce a gaya wa tasha su saki layi.

Wuta ta dawo ana cikin ƙarin lokaci. Titi ya watse a guje. Mu muka tsaya wurin rediyon tsohon, muka ji bugun kwana na ƙarshe, muka ji ƙwallo ta daki turke ta fita, muka ji usur. Ba ci. Yaya ya zauna a ƙasa, ya ce, "Da koci ya sa ɗan gaban nan tun da wuri." Sai a lokacin ya yarda kafaɗarsa ta goce.

A asibiti Anti ta ƙyale shi, ni ta wanke tas, ta ce tsani ɗaya aka ba ni na kasa riƙewa. Kafaɗar ta koma, amma hannun bai sake ɗaguwa sama da kai ba. Aka mayar da shi ɗakin makunnai a tasha, aikin zama, ga fanka ga kujera. Yakan ce aikin tsofaffi ne, amma na lura ya yi ƙiba.

Kwanan baya aka fitar da sabon rukuni. Ya shigo shagona ina yanka yadi, ya ture almakashina gefe ya zauna a kan tebur.

"Ka ga waɗanda aka haɗa mu da su? Wasannin waje biyu ne kawai matsala."

Na ce, "Yaya, haka ka ce wancan karon."

"Wancan karon ba mu da ɗan tsakiya," ya ce. "Kawo allin nan in nuna maka."