Igiyar Ƙarfe a Wuyan Dabino

Mun tashi da asuba daga Gure, ni da wani abokina da ya fi ni sanin cikin mota, muka nufi Damagaram. Masu bibiyar tafiye-tafiyena sun san 'yar motata kat-kat, wadda nake yawon sayar da maganin dabbobi da ita kasuwa-kasuwa. Ƙarama ce, tsohuwa, in mutum uku suka shiga sai gwiwa ta gaisa da gwiwa. Wannan karon ba kasuwa ta fitar da ni ba. Yayata, wadda ta goye ni, tana aure a wani kwari gabas da Gure, irin kwarurrukan nan da tuddan rairayi suka kewaye, dabino da lambu a tsakiya. Ƙayar dabino ta soki mijinta a tafin ƙafa, ga shi da ciwon sukari, ƙafar ta ƙi warkewa. Yaya takan hau tudu ta nemi rezo, wato sabis na waya, ta kira ni, kuma duk kira muryarta ƙara sanyi take yi.

Na riga na gwada zuwa sau ɗaya. Motar ta kafe tun ban hango kan dabino ba, muka yini muna tono, da ƙyar shanun wasu makiyaya suka ja mu baya. Masu manyan motoci na tasha na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya daina bin hanyar, wani ya faɗi kuɗin da ya san ba za a biya ba don a rabu lafiya. Amalanke kuwa an taɓa ɗora mijin nata a kai, jijjigar ta sa ya suma tun ba su fita kwarin ba, aka mai da shi ɗaki. Abokina ne ya ce a ɗaura wa motar injin ja. Inji ne mai naɗin igiyar ƙarfe da ake kafawa a goshin mota, batir ke juya shi. In ka kafe sai ka ɗaure bakin igiyar a jikin wani abu mai ƙarfi, injin ya dinga naɗewa, mota ta ja kanta ta fito. Masu garaji suna da sunansa na Faransanci, harshena ya kasa riƙewa.

Hanyar kwalta ba ta ba mu wahala ba, in ban da ramuka da jakuna masu ganin titin nasu ne. A shingen jandarmomi, ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya tambaye mu ko uwar motar tana tafe a baya. Mun tsaya Gidimuni muka sha shayi da biredi, abokina ya sayi rake na dala ashirin ya yi ta tsotsa har Mirya. Esansi, wato fetur, na kwalba ya ƙara tsada a kan yadda na bar shi, mai sayarwa ya ce shi ma haka ya wayi gari ya gani. Ina kallon lambunan Gidimuni kore shar, hankalina yana can wani wuri.

Garajin yana bakin gari. Mai shi dattijo ne mai yawan zance, yana da injin da aka kwance daga wata tsohuwar motar proje, wato ta ƙungiyoyin agaji, ya yi tsatsa a gefe amma ya rantse lafiyarsa ƙalau. Ya zagaya motata, ya zagaya injin, ya ce, "Alhaji, ita za a ɗaura wa injin, ko injin za a ɗaura wa ita?" Aka yi dariya, ni ma na taya.

Na ɗauka aikin yini guda ne. Sai da aka kwance ƙarfen gaban motar gaba ɗaya, domin ya ce in aka kafa injin a jikinsa, jan farko zai fizge shi ya bar motar a inda take. Dole a yanko farantin ƙarfe mai kauri, a huda shi, a ɗaure shi da manyan kusoshi a jikin shasi, wato ƙashin bayan motar. Ana tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Muka zauna a inuwar wata matacciyar tirela, zafin bazara yana dafa mu, muna kallon waya mai ƙwan lantarki ɗaya da ke rataye ko zai kama. Bai kama ba har magariba. Washegari ma sai da rana ta take. A cikin jiran nan Yaya ta kira. Ta ce yatsun sun yi baƙi, kuma ya daina cewa suna masa ciwo. Ta faɗa kamar labari mai daɗi. Ni da nake ganin ƙafafun dabbobi kullum na san ba haka ba ne, amma na ce mata Allah ya ƙara sauƙi, muna tafe.

Da wuta ta dawo aka yi walda, aka ɗora injin, aka ja wayoyi biyu masu kaurin babban yatsa, ja da baƙa, zuwa batir. Batirin nawa ya yi ƙanƙanta, sai da na sayi babba. Da aka sauke motar ƙasa sai goshinta ya sunkuya saboda nauyi, kamar tunkiya mai mura. Akwai wani dogon yaro a ƙofar garajin, itace mai kauri, a jikinsa aka gwada. An ja birki, an danna maɓalli, igiya ta miƙe ta yi ƙara, motar ta taho tana jan tayoyi a ƙasa. Masu shayi na gefe har da tafi. Dattijon ya ja mini kunne: kada in kashe injin mota ana ja, in ja kaɗan in huta don kada ya ƙone, in shimfiɗa bargo a kan igiyar ko da za ta tsinke, kada kowa ya tsaya kusa da ita. Ranar na ci kilishin Damagaram da daɗin baki. A duk tafiyar nan, lokacin kaɗai ne na ji abin zai yiwu.

Mun koma mun kwana Gure, da sassafe muka rage iskar tayoyi muka shiga rairayi. Tuddan farko mun haye su lafiya. A na gaba nauyin da aka ƙara wa goshin ya nuna halinsa, motar ta soka hanci ta nutse har ciki. Muka fito da fara'a, abokina ya ja ƙugiya ya yi gaba yana neman inda zai ɗaure. Ya tsaya. Ya juya gabas, ya juya yamma. Babu itace ko ɗaya. Na san wurin, akwai wani gawo da muke hutawa a ƙarƙashinsa tun lokacin da muke raka Yaya gidanta, da aduwoyi a jere har bakin kwari. Ko kututture ban gani ba. A garaji ba wanda ya yi wannan tunanin, har da ni da na fi kowa sanin hanyar.

Mun ɗaure a gindin wata tumfafiya, injin ya tumɓuko ta da saiwa kamar an zare gashi. Sai muka kwance tayar ajiya, muka tona rami, muka ɗaure igiyar a jikinta muka binne. Jan farko ta fito tana murmushi. Muka ƙara zurfi har ramin ya kai ƙugu, rairayi yana komawa muna kwashewa, shebur yana ƙona hannu. Wannan karon ta riƙe. Motar ta matsa tsawon igiya, ta sake nutsewa. Muka tone tayar, muka ɗauke ta gaba, muka sake wani ramin. Haka muka yi ta yi. Ban ƙirga ramukan ba. Na dai san mun yi azahar da taimama a gefen mota, kuma sai bayan la'asar muka kai bakin kwarin.

Gangarawa kwarin ba wuya, mota da kanta take sulalewa. Abin da na tarar ne ban shirya masa ba. Tudun arewa ya taho ya hau lambuna. Shingayen ƙirare da mutane suka kakkafa don tsayar da shi, kawunansu kaɗai ke leƙe. Dabinon da nake ɗaga kai hula ta faɗi in na kalle su, yanzu wasunsu rairayi ya kai musu wuya, mutum zai iya zama ya tsinki ganye. Gidaje da yawa a buɗe suke, ba ƙyaure, ba kaji. Waɗanda suka rage, yawanci tsofaffi, suka fito suna mana wushe-wushe da lale, suna shafa injin.

Yaya ta rame. Ta riƙe hannuna ta ga kantar shebur da ta fashe, ta ce, "Auta, haka ka yi da hannunka?" Warin ɗakin ya tare ni tun daga ƙofa. Malam, haka muke kiran mijinta, yana kwance an naɗe ƙafar da tsohon zane. Ya ce in zauna, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwar awaki. Ban buɗe zanen ba. Yaya ta kawo burabusko da miyar kuka, abokina ya ci don yunwa, ni na tsakura don kada ta ji ba daɗi.

Da gari ya waye muka cire kujerar baya, muka shimfiɗa katifa, maza huɗu suka ɗauko shi. Yaya ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta. Ta fito da ƙullin kaya biyu da tukunya, ta bar wa maƙwabciya awakinta. Hanyar fita ɗaya ce, ta kan tudun arewa. Na ja da baya na taho da gudu, muka kai rabi, motar ta tsaya tana tona wa kanta kabari.

A nan kam akwai abin ɗaurewa. Dabinon da rairayi ya binne suna jere a samanmu, kuma gonar Malam ce. Abokina ya riƙe ƙugiya yana kallona, ni ina kallon Yaya. Malam ya ce, "Wanne za ku ɗaura wa?"

Na ce, "Duk wanda ka ce, Malam."

Ya ce, "Ta hagun nan, macen. Mahaifina ya dasa ta, ta fi su saiwa. Ku ɗaure, bara ma ba ta yi 'ya'ya ba."

Muka naɗa mata buhu a wuya don kada igiyar ta ci ta, muka shimfiɗa bargo, na kori mutane gefe. Na danna. Igiyar ta yanka buhun, ta shiga jikin itacen, ana jin ɓawon yana fashewa. Motar ta motsa. Ina ja ina hutawa, injin ya yi zafi har yana warin ƙonannen roba. Da muka kai gindinta muka mai da ƙugiyar jikin na gaba. Wannan ƙarami ne, ana tsakiyar ja kansa ya karye, motar ta zame baya ta yi tsalle. Ƙarar da Malam ya yi, ban taɓa jin babban mutum ya yi irinta ba. Yaya ta rufe masa baki da mayafinta tana salati. Na zauna riƙe da sitiyari, na kasa danna komai, sai da abokina ya karɓi maɓallin. Dabino na uku ya riƙe. Tsofaffin nan suka sa kafaɗa a baya, muka hau.

A kan tudun Malam ya ce a ɗaga shi. Na tallafo bayansa ya leƙa ta taga. Daga nan ana ganin kwarin duka, ɗan kore a tsakiya kamar faifai, da itatuwan da muka bari da rauni fari a wuya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, mu je." Kafin in tayar, wani dattijo maƙwabcinsu da ya taya mu turi ya dafa ƙofar, yana haki. Ya ce, "Ɗana, tunda motarka tana iya fita, in an sauke dabino ka dawo ka kwashe mu."

Komawa mun bi sawunmu na jiya, muka sake binne taya a wurare biyu, Malam yana kwance a inuwar bargon da muka kafa masa. Mun shiga Gure da yamma. A gidan likita ma'aikacin ya buɗe zanen, ya mayar ya rufe, ya ce sai Damagaram. Muka sake bin kwaltar nan, muka wuce Gidimuni da rakenta ba wanda ya ce a tsaya. A can suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ban tambayi likitan ko da mun zo da wuri da an tsira da ita ba, shi ma bai faɗa ba.

Yanzu mun dawo gida. Malam yana ɗakin zaurena, yana yini yana kallon titi. Yaya tana cikin gida tare da iyalina, ba ta taɓa tambayar yaushe za a koma ba, ta dai ce in aika a sayar da awakin. Motar tana ƙofa, masu wucewa suna tsayawa su taɓa injin su yaba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma ba mai daɗi ba. Wanda zai ɗaura wa ƙaramar mota injin ja, ya sayi babban batir, ya tafi da shebur biyu, kuma ya tambayi kansa tun a garaji me zai ɗaure wa igiyar a inda za shi. Sauran kuwa, ni na ɗaura shi ne da niyyar in dinga shiga kwarurruka ina fita, in kai magani, in gai da 'yan uwa. Labarinsa ya bazu, wayata ba ta hutawa. Daga wajen Bune an kira, daga wajen Kelle an kira. Mai tsohuwa mara lafiya, mai ƙyaure da kwanon rufi, mai buhunan da suka rage. Duk wanda ya kira, fitowa yake so a yi da shi. Har yau ba wanda ya ce in kai shi.