Baba Girgiza da Gado na Goma Sha Uku

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Baba Girgiza a gida ba. Kafin ɗalibai su gama layin wanka ya riga ya buɗe ɗan shagonsa na ƙarƙashin matakala, ya sa rigar aiki, ya zuba guduma da sifana da ƙusoshi a tsohon bokitin fenti. Shi ne kafintan ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'a, shekara talatin da ɗaya cur. A makon jiya ya ajiye aiki da hannun dama a ɗaure, rataye a wuya, kuma wannan hannu ne ya sa na ɗauki alƙalami raina a ɓace.

Ɗakunan iri uku ne. Akwai na mutum ɗaya a ƙasa, na manyan ɗalibai da waɗanda ba sa iya hawa bene. Akwai na mutum biyu. Sai na mutum huɗu, masu gado mai hawa biyu, inda ake zuba sababbin shiga. Kowane ɗalibi yana da gado da katifa, da tebur da kujera, da rabin kabad. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, kujera ta zama murhu, tebur ya koma ɗakin saurayin da ya fi kowa ƙarfi, ragar taga an farke ta don miƙo waya.

"Ɗana, ina ƙofar kabad ɗin nan?" in ji Baba.

"Wallahi Baba haka muka same shi."

"Haka kuka same shi? To wannan da kake guga a kai fa, daga sama ta faɗo?"

Zai yi ta faɗa har a jiyo shi a bene na uku, ya rantse wannan ne karo na ƙarshe, sannan ya durƙusa ya mayar da ƙofar. Gobe ma haka.

Amma ba faɗan ne ya ba shi suna ba. Duk gadon da ya gyara, ko aka kawo sabo, Baba ba ya yarda a miƙa makullin ɗakin sai ya cire takalmi ya hau na sama da kansa. Ya kwanta, ya juya dama, ya juya hagu, ya kama gadon ya girgiza kamar mai neman faɗa da shi. Ɗalibai suka yi ta dariya har suka laƙaba masa Girgiza. Maiɗakinsa ta gaji da shafa masa magani a gwiwa, ta ce, "Malam, tsufa fa ba ya son tsalle-tsalle." Amsarsa guda ce kullum: "Na sama barci yake, na ƙasa barci yake. Iyayensu sun tafi gida sun bar mana su. Wa zai ji ƙarar gado in ba ni ba?" A duk shekarun nan gado bai taɓa ruftawa da ɗan kowa ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi.

Saura mako uku ya yi ritaya aka kwashe tsofaffin gadajen katako na ɗakunan mutum huɗu, aka kawo na ƙarfe guda ɗari da ashirin, shuɗaye, sai ƙyalli suke. Kowa ya yaba. Baba ya shafa kusurwa ɗaya, ya kankare fentin da farce, ya ga waldar ɗigo biyu ce kawai aka lulluɓe da fenti. Kyan ɗan maciji. Ya zuba makullan ɗakunan a bokitinsa ya rufe da tsumma.

Da hantsi shugaban ɗakunan kwana ya iso, ɗan kwangilar da ya kawo gadajen na biye da shi.

"Baba, gobe ɗalibai za su shigo. Kawo makullai."

"Ranka ya daɗe, ban hau ba."

"Hawan me? Sababbi ne fil! Kwamiti ya duba, ya sa hannu."

"Kwamiti ya kwanta a kai?"

Ɗan kwangila ya yi dariya ya ce ai tsoho kishi yake, an raba shi da katakonsa. Shugaba ya sha mur. Ya tuna wa Baba cewa kwanansa ashirin da ɗaya ya rage, kuma ba zai yi kyau a ce takardar tuhuma ce ta ƙarshe a fayil ɗinsa ba. Maganar ta yi wa Baba zafi ƙwarai, don bai taɓa karɓar irin wannan takarda ba. Ya sunkuya, ya cire takalmi.

Iya mai shara tana wurin da tsintsiyarta, ita ta ba ni labari. Ta ce ɗaki-ɗaki ya bi, yana hawa yana nishi, gwiwa na ƙara, su kuma suna biye suna duba agogo suna tsaki. Gado goma sha biyu suka tsaya lafiya. Ɗan kwangila har ya fara cewa, "To ka gani?" A na goma sha uku Baba ya juya dama, ya juya hagu, sai ji kake ƙaras! Kusurwa ta ɓalle, gadon sama ya rufto da shi, bakin ƙarfen ya huda katifar ƙasa daidai inda ake sa matashin kai.

Iya ta yi salati ta jefar da tsintsiya. Shi kuwa yana kwance, hannu ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Iya, ja ƙofar nan. Kar a ba kowa ɗakin nan."

Da aka kira mai walda ya bi sauran, ya sami ashirin da bakwai masu irin wannan ciwo. Aka ɗaga shigowar ɗalibai da mako guda. Sai ga sanarwa a allo, wai ana yaba wa kwamiti bisa sa ido da ya yi har aka gano matsala a kan lokaci. Na karanta ta sau uku ina neman kafinta, ban gan shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ranar sallamarsa kuma aka miƙa masa agogon bango, mutumin da bai taɓa makara ba, a ranar da ba shi da sauran wurin zuwa.

Baba, kai ma ban ƙyale ka ba. Taurin kanka ya isa. Na ce maka da buhun yashi ka ɗora a kan gadon, da hannunka na nan lafiya, ka harare ni ka ce, "Buhu yana juyi cikin barci ne?" Har yanzu haushi nake ji. Kai ne ka bayar da hannun guduma don kan yaron da ba ka sani ba, wanda shi ma ba zai taɓa sanin ka ba. Yana can yanzu a ɗakin nan yana sharar barci, wataƙila ma ya riga ya cire ƙofar kabad. Kai ne bangon da ake jingina ba a waiwaya a gode masa.

Ranar Litinin bayan sallama, ƙarfe bakwai, sai ga shi da hannu a wuya. Ya tarar da sabon kafinta, wani ƙato mai tumbi, yana fitowa daga ɗakin mutum huɗu yana murza makulli.

"Na ɗaure notin tamau, Baba."

"Ka hau?"

"Ai na gwada da hannu."

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya zuba wa takalmin mutumin ido, har sabon kafintan ya gaji ya sunkuya ya cire.

Mun gode, Baba Girgiza. Allah ya ɗora hannun nan daidai, ya ba ka barci mai daɗi irin wanda ka tsare wa 'ya'yan mutane. Ku kuma masu sa hannu a takarda, da masu ɗinki, da masu gini, da duk wanda wani zai kwanta a kan aikinsa ya rufe ido, kafin ku miƙa makulli ku cire takalmi ku hau.