Lagon Tashi-Min-Nan

Baba Ishaya bai taɓa ganin dodo ba, amma duk unguwar Nasarawa ba wanda ya kai shi sanin yawan haƙoransa. A da shi ke zana furannin atamfa a wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta mutu abokan aiki suka watse, wani gadi, wani tuƙin keke. Shi kuwa ya ga yara na kokawa a kan katunan dodannin waje masu sunaye kamar tari, ya ce ai mu ma ba mu rasa abin tsoro ba. Ya kafa tebur a barandar shagunan Alhaji Isiyaku, yana yanka kwali daidai tafin hannu yana zana nasa.

Akwai Ɗauke-Wuta mai lashe fitilun unguwa da harshe ɗaya, akwai Uwar Kwata mai haɗiye silifa. Kowane kati da sunan dodo a sama, ƙarfinsa a tsakiya, lagonsa a ƙasa, wato abin da ke karya shi. Yara su tara, su yi musaya, su kara, mai riƙe da lagon wani ya cinye.

Sai ga sabon dodo, Tashi-Min-Nan: tumbi gaba, wushirya, hula a karkace. Ƙarfinsa, tsawa ɗaya ta watsa masu talla daga inuwa. Lagonsa, muryar Hajiya.

Kafin sati ya zagayo katin ya isa Makera, ana ba da Ɗauke-Wuta biyar a kansa. Alhaji Isiyaku ya tsince shi a aljihun autansa, ya taho baranda yana huci, hula a karkace. Ishaya ya ɗauka a kan tumbin za a yi rigima. Ashe tumbin bai dami Alhaji ba, har cewa ya yi wushiryar ta fito. Layin lagon nan na ƙasa ne ya hana shi sakat, don ko mahauta sun fara tambayarsa lafiyar Hajiyarsa da wata irin murya. Ya ce a sake zana katin ba lago, in ba haka ba tebur ya bar masa baranda yau.

Ishaya ya san darajar barandar nan. Ita ke tare masa ruwan Agusta, kuma ta gabanta 'yan makaranta ke wucewa. Ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Alhaji, dodon da ba shi da lago kashe wasa yake yi. Ranar da na zana shi, yaro ɗaya zai cinye na kowa, kashegari ba mai zuwa."

Alhaji ya sassauto, ya ce to a canza, a sa zaki ko aradu.

"Ranka ya daɗe, yaran nan maƙwabtanka ne. Ƙarya a kati ba ta kwana."

Vicky mai ɗinki ta leƙo daga shagonta tana roƙon Baba ya yi haƙuri, ai layi ɗaya ne. Ishaya ya ce masaƙa guda ta rufe a kansa bai mutu ba, balle baranda. Ya kwashe alƙalumansa a leda, ya ɗora tebur a ka, ya tsallaka titi da furfurarsa, ya sauke a gindin mangwaro, daidai inda Alhaji zai riƙa ganinsa kullum. Hadari na haɗowa ta wajen Narayi. Ya dube shi, ya ja ledar ya rufe kwalayen, ya ci gaba da yanka.