Fuskokin da Baba Kalibu Ya Fitar a Cikin Gora

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. A aji huɗu na tsaya da makaranta, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba. Sau uku ina yaga takardar. Amma idon Baba Kalibu Zira yana rufewa, na ga in na yi shiru babu wanda zai faɗa.

Tsohon mai hoto ne a Sabon Layi. Tun da waya ta kashe sana'ar ya rufe shago, amma bai ajiye kyamararsa mai fim ba. Duk Asabar da damina yakan haƙa tana a bayan gida, ya ɗauki sandar fatsa da gorar zuba kifi, ya rataya kyamarar a wuya, ya gangara mayo, wato kogi. Ba ya sayar da kifin. Jin daɗi kawai yake yi. Wanda duk ya kama babba a cikin abokan fatsarsa, sai ya ce, "Ɗaga shi sama, ka daina wannan dariya na ƙarya," ya ɗauke shi sau ɗaya tak.

Baba ba ya rubuta suna a jikin fim. In ya wanke, sai ya naɗe, ya ɗaure da zaren fatsa, ya yi ƙulli. Kowace damina da irin ƙullinta.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, kowa ya gudu da abin da hannunsa ya kai. Malam Gabdo, abokin fatsarsa, ya ce da idonsa ya ga Baba ya bar katifa da rediyo, ya cusa kyamara da finafinan cikin gora, ya zuba tarwaɗar jiya a kai. A hanya aka tare su. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya leƙa gorar, wari ya buge shi, ya ce su wuce. Da ya sa hannu ciki, da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Mu ma mun gudu, ina 'yar shekara shida. Babana, Dennis, ya koma ɗauko awaki, bai dawo ba. Da muka komo, gidan ya ƙone da duk hotunan da ke ciki. Na girma ina tuna muryarsa, amma fuskarsa ta ɓace mini. Na ji kunyar gaya wa Mama.

Kai ne, Baba, ka zama ma'ajiyar unguwa. Zawarawa sun zo ƙofarka, iyaye sun zo, ka wanke musu fuskokin mutanensu. Wasu ka ce musu babu, ka zauna da su har suka gama kuka.

Ni sai watan jiya na iya zuwa. Na tsaya a bakin ƙofa, gaisuwa ma ta ƙi fita.

"Wane ne? Ko ɓarawo yana sallama," in ji shi.

"Susanna ce, Baba. 'Yar Dennis."

"Dennis mai tsoron ƙayan tarwaɗa? Shigo, yarinya. Kin makara, ido ya tafi. Takardan hoto ma ɗaya ya rage, kuma ya tsufa kamar ni."

Ya juye gorar a tabarma, ya dinga laluben zaren da yatsa, ƙulli bayan ƙulli, har ya tsaya a kan ɗaya. "Daminan da ruwa ya ci gonan Gabdo. Ɗaga wa rana. Nemi wanda ya riƙe kifi nesa da jikinsa kamar zai cije shi."

Na samu. Amma a fim baƙi fari ne, fari baƙi, ban ga kowa ba sai inuwa.

Muka shiga ɗakin duhu, ya kunna jar fitila, muka haska fim ɗin a kan takardar. Shi yana ƙirga da baki, ni ina duba masa. Na tsoma takardar a ruwan magani a hankali, don in ta lalace shi ke nan. Farko ba komai. Sai kifi ya fito, sai hannu, sai goshi. Gefe ɗaya ya yi toka-toka, bai fito ba.

"Me kika gani?"

"Yana da wushirya, Baba."

"Irin naki ne? Tun kina magana na ji iska yana fita."

Na gode, Baba Kalibu. Allah ya saka maka, mai gora da ba ta zubar da amana. Ku kuma da kuke da tsofaffin hotuna a ƙasan akwati, ku fito da su, ku nemi masu su tun suna da rai. A gorar Baba akwai sauran mutanen da ba a zo nema ba, kuma in yatsunsa suka daina, babu mai karanta ƙullin.

Ranar ban iya nuna wa Mama ba. Washegari da safe na ajiye mata hoton a kan Littafinta Mai Tsarki, na fita tun ba ta shigo ɗaki ba. Na haƙa tana, na cika gwangwani, na je na ɗauki gorar Baba, na ce ya fara koya mini daga ƙulli na farko.