Ranar da Gudaji Ya Tofar da Man Shanu

Gudaji bai taɓa mallakar ko saniya ɗaya ba, amma shekara ashirin da ɗoriya ba a ɗaga man shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Kano sai ya sa baki. Ni tela ne, sunana Ilu, rumfata tana kallon inuwar da mata masu mai suke zama. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma matarsa Lauratu ce ta gaya wa matata.

Aikin nasa a ido ba wuya. Ranar Alhamis matan Fulani su taho da ƙorai daga rugagen Sule Tankarkar da na tsallaken iyaka, su jera. Fataken Kano su tsaya a baya suna jira. Gudaji ya bi layi yana ɗaga faifai, ya lakato da yatsa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. In ya haɗiye, man na kirki ne, sai a soye shi a zuba a garwa, a kai tashar Gagarawa jirgin ƙasa ya wuce da shi. In kuwa ya juya kai ya tofar, to an haɗa shi da wani abu: kitsen akuya, ko man gyaɗa, ko dafaffen rogo da aka kirɓa. Ba ya ƙara magana bayan tofin, ba a kuma tambayarsa. Mai ƙwaryar sai ta rufe abinta ta nemi wata kasuwar.

Saboda harshen nan ba ya cin goro, ba ya shan taba, yaji ma sai ya kauce masa. Da yake Bamange ne, dangin Barebari, wasa tsakaninsa da matan Fulani ba ya ƙarewa. Su ce masa bawansu ne da suke kiwo da man shanu, shi kuma ya ce ai su ne bayin, tunda su suke masa dakon abinci tun daga daji. Duk wadda manta ya wuce takan ɗebar masa ɗan curi ya tafi da shi gida, saboda haka tuwon gidan Gudaji iyo yake yi a mai. Lauratu tana alfahari da wannan, ba ta ɓoyewa.

Bayan farin da aka yi a shekarar 1973 shanu suka mutu, mai ya yi wuya, masu haɗi suka yi yawa. Fatake suka daina sayen ko ƙoƙo ɗaya sai da bakinsa. A kasuwa guda yakan ɗanɗana ƙwarya sittin, saba'in, ranar kasuwar Gumel ma a aiko a ɗauke shi. Ya yi ƙiba daidai misali, fatarsa tana sheƙi a lokacin da kowa ya bushe.

Akwai wani abu a gidansu da suke kira tambarin gida: ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a fatar ido, da ƙullutu a kan agara. Ubansa yana da shi, ya faɗi a gona bai kai hamsin ba. Wansa Ɗantala yana da shi, shi ma ya faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. An ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba wanda ya bi ta kan tambarin.

A daminar 1976 na lura Gudaji ya fara son ɗinki. Kullum in zai wuce sai ya tsaya a rumfata, ya dafa ginshiƙi, ya ɗauki riga yana juyawa. Mutumin da bai san bambancin ɗinkin aska biyu da na aska takwas ba! Da na matsa masa sai ya ce sharaɓarsa ta hagu ce take ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, sai ya tsaya kaɗan ta sake shi. Daga gidansa zuwa kasuwa da farko tsayuwa ɗaya yake yi, kafin kaka ta zama huɗu. Lauratu ta ce rashin ƙarfi ne. Ta shiga dafa masa romon ƙafar saniya, ta ƙara mai a kunu, ta riƙa murza masa ƙafar da ragowar man. Sai kuma wani ɗan miki ya fito a babban yatsansa ya ƙi warkewa. Ni na matsa, na raka shi asibiti a Gumel.

Likitan ɗan Indiya ne, wani malamin asibiti mai suna Rufa'i yana fassara. Likita ya ɗora yatsu a bayan ƙafar dama ya ji bugun jini, ya koma ta hagu ya daɗe yana lalube bai ji komai ba. Ya duba fatar idon, ya matsa agarar, ya tambayi yadda uban ya rasu. Aka ɗebi jini aka aika Kano, aka ce mu dawo.

Da muka koma, Rufa'i ya yi mana bayani yadda likita ya faɗa. Ya ce akwai wani nau'in kitse da jini yake ɗauke da shi, sunansa kolastirol, kowa yana da shi, jiki ma yana buƙatarsa. Hanyoyin jini kuma daga ciki suna da wata shimfiɗa siririya, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. In kitsen nan ya yi yawa sai ya riƙa ratsa shimfiɗar yana kwanciya a ƙarƙashinta, shekara da shekaru, har hanyar ta tsuke. Wasu gidajen kuma gadonsu ne, jikinsu ba ya iya kwashe shi daga jini yadda ya kamata. Na Gudaji ya ninka na mutane, kuma hanyar da take kai jini ƙafar hagu saura ƙiris ta rufe.

Sai likita ya tambaya, me yake yawan ci? Na yi dariya a inda bai kamata ba, har yanzu ina jin kunyar wannan dariyar. Da Rufa'i ya faɗi sana'ar, likita ya ajiye alƙalami. Ya ce ba shi da maganin da zai wanke abin da ya riga ya kwanta. Abin da ya rage shi ne kada a ƙara. Man shanu, kitse, ɓargo, duk ya bari, in yana son ya ci gaba da taka ƙafar nan.

A mota muna dawowa Gudaji ya ce, "Ilu, wannan magana ta tsaya tsakaninmu. Ranar da aka ji ba ni da lafiya, an daina yarda da harshena. Kuma da wane bakin zan ce wa matan nan abin da suke sayarwa shi ne yake toshe mini jijiya?"

A gida ya gaya wa Lauratu, ta yi kuka, ta daina zuba mai a tuwo. Kasuwa ce matsalar, ni kuma na samo dabara. Na ɗinka masa tsumma mai kauri a cikin hannun babbar rigarsa. Ya ɗanɗana, ya yi kamar ya haɗiye, ya kai hannun riga baki kamar mai share leɓe, ya zubar a ciki. Wata biyu ana haka ba wanda ya gane, mikin ma ya fara bushewa.

Wata Alhamis Lauratu ta wanke rigar ba ta bushe ba, ya saka wata. Bai tuna ba sai da man yake kan harshensa. Ƙwaryar farko a layin kuwa ta Safara'u ce, wata dattijuwa daga rugar Sule Tankarkar, wadda fari ya bar mata shanu huɗu, da su take riƙe da gidanta. Tun da take zuwa Maigatari ba a taɓa samun ko ƙwayar haɗi a manta ba. Na ga Gudaji ya tsaya da baki a rufe, ya kai hannu baki ya sauke. Sannan ya ɗan juya kai, a zatonsa ba mai kallo, ya tofar.

Kowa ya gani. Ya yi ta cewa man lafiya lau yake, a saya, shi ya tsaya mata. Amma shekara ashirin ya yi yana koya wa mutanen nan su dubi tofinsa, ba maganarsa ba. Suka ce tausayinta ya ji. Safara'u ta mayar da faifai, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Kasuwa uku ba ta zo ba. Muka ji labari ko a ƙauyukan kusa da su an daina sayen manta, har nononta ana tsarguwa da shi. Gudaji ya aika mata ta bakin sauran matan, ya ce don Allah ta zo sau ɗaya. Ta zo ta zauna can gefe. Ya taka zuwa wurinta, tsayuwa biyu a hanya, ya ari ludayi wurin mai fura. Ya cika shi da manta ya shanye a gaban fatake, ya sake, ya sake, sau uku. Kafin la'asar ƙwaryarta ba komai.

Daga ranar dabarar hannun riga ta mutu, domin yanzu maƙogwaronsa kowa yake kallo. Ya koma haɗiyewa kamar da, ƙwarya sittin, saba'in. Na same shi na ce ya bar aikin gaba ɗaya. Ya ce in ya bari yanzu za a ce asirinsa da na Safara'u ne ya tonu. Na ce to ƙafar fa? Ya ce, "Ilu, yi ɗinkinka."

Ba zan rantse cewa man ne kaɗai ya yi ba. Likita da kansa ya ce abin gado ne, wataƙila ko ya bari da sai ta tafi. Abin da na sani shi ne, bayan wata goma yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau. Aka kai shi Kano a ƙarshen 1977, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. A kasuwa aka ce sanyi ne ya ci ta, wasu suka ce ƙaya ya taka. Na ji haushi ƙwarai, amma alkawari na ɗauka, na yi shiru.

Kwana biyar da dawo da shi ina zaune tare da shi a zaure, sai ga Safara'u ta yi sallama da ƙwarya a ka. Da ƙafa ta zo. Ta durƙusa ta yi masa sannu, ta ce Allah ya sa kaffara ne. Lauratu ta fito su gaisa.

"Mako biyu nake tara masa, ban sayar da ko kaɗan ba," in ji Safara'u. "Ki riƙa zuba masa da yawa a kunu, shi yake mayar da jini."

Lauratu ta buɗe baki za ta yi magana. Gudaji ya riga ta.

"Yi mata godiya, Lauratu."

Ta yi godiya. Safara'u ba ta miƙa mata ƙwaryar ba. Ta ɗaga faifan, ta tura ta gaban Gudaji, ta gyara zama tana kallon maƙogwaronsa. Ya gyara dungulmin ƙafarsa a kan tabarma, ya yi bisimilla, ya miƙa yatsa.