Sawun Karen Ruwa a Tafkin Ƙaruna

Abdulwahab direba ne. In ka tambayi mutanen layinsu a Ard al-Liwa abin da za su gaya maka ke nan, sai wataƙila su ƙara da cewa ba shi da yawan magana, kuma tun daga watan Nuwamba yake fara saka safa bibbiyu. Shekararsa goma sha bakwai a Alƙahira. Karatu ya kawo shi, amma nahawu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi nahawu, aka rabu ba tare da kowa ya yi kewar kowa ba. Ya samu aikin jan motar iyalin wani ma'aikacin jakadanci a Zamalek, ya auri Sabuwa, Allah ya ba su 'ya ɗaya tilo, Humaira.

Abin da mutanen layin ba su sani ba shi ne ɗan masunta ne, daga wani tsibiri a ƙasan Yawuri. Mahaifinsa, Ɗanmalam, ya san ruwa fiye da yadda ya san 'ya'yansa. Shi ya koya masa karanta gaɓar kogi da sanyin safiya, lokacin da ruwa ya janye ya bar taɓo: ga sawun karen ruwa mai yatsu biyar, ga santsin da yake yi in ya zame da ciki ya faɗa kogi, ga kan kifin da ya ci ya bari, ga kashinsa a kan dutse cike da ƙaya. Tsohon ya haɗa masa da doka biyu. Ba a tambayar kowa inda dabbar take, ba a ma ambaton sunanta a bakin ruwa, don tana ji ta yi ƙaura. Sannan ba ka ɗauko mutum ka ce zai ga wani abu sai ka fara ganin sawun da idonka. A gidansu, wanda ya kai baƙo bakin kogi suka dawo ba su ga komai ba, ya zubar da girman gidan kaf.

Humaira ta tashi a hawa na biyar, iyakar dajinta tukunyar na'ana'a da ke kan taga. Labarin karen ruwa kuwa ta haddace shi tsaf, yadda yake riƙe kifi da hannu biyu kamar mutum, yadda yake yaga koma ya bar masunta da zage-zage. Tana shekara shida aka lura tana karo da kujeru in magariba ta yi. Sabuwa ta ce dundumi ne, aka yi ta ɗura mata hanta. Wani likita a Dokki ya duba ya sake dubawa, sannan ya gaya musu gaskiya: ganin zai riƙa tsukewa daga gefe-gefe har ya ƙare, kuma babu maganin da ya sani. A hanyar dawowa yarinyar ta ce, "Baba, to ka nuna min karen ruwa kafin nan." Ya ce mata ya yi alkawari.

Gidan namun daji ya fara zuwa, ya tarar an rufe ana gyara. Bakin Nilu kuma duk siminti ne da gidajen cin abinci, ko ɓera ba zai bar sawu ba. Sai ya tuna da wani tafki a Fayyum inda ya taɓa kai iyalin maigidansa shan iska, Tafkin Ƙaruna, mai faɗi har ba a hango ƙarshensa, ga jiragen masunta, ga taɓo shimfiɗe. Zuciyarsa ta ce masa inda duk akwai kifi da taɓo, karen ruwa yana nan.

Daga nan ya mayar da abin sana'a. Duk Juma'ar da ya samu hutu a lokacin sanyi, yana idar da asuba zai hau ƙaramar bas, ya sauka, ya bi gaɓa a ƙasa, hannu a aljihu, ido a taɓo. Ya ga sawun karnukan ƙauye, ya ga na dila, ya ga na tsuntsaye iri-iri da ke zuwa daga ƙasashen ƙanƙara. Wata rana ya tsinci kan kifi a kan dutse, gabansa ya faɗi, ya durƙusa yana shinshinawa, sai ga kyanwa ta fito daga bayan dutsen tana lasar baki. Masunta suna ganinsa suna gaishe shi, ya amsa ya wuce, bai taɓa buɗe baki ya tambaye su komai ba. Mutumin da kullum yake tambayar 'yan sanda hanya a Zamalek, ga shi a bakin ruwa ya koma ɗan Ɗanmalam sak.

In ya dawo Humaira na jiransa a bakin ƙofa.

"Baba, ka gani?"

"Ma'alish, yi haƙuri uwata. Saura kaɗan."

"To ka tafi da ni mu nema tare mana."

"Sai na ga sawun tukuna."

Sabuwa ta yi magana har ta gaji. "Malam, don Allah ka kai ta ta ga ruwan kawai, khalas. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na ƙarƙashin gada ba." Ya ce ita ba 'yar masunta ba ce, ba za ta gane ba. Ai kuwa ba ta gane ba, kuma ita ce mai gaskiya. Sanyi uku ya yi yana wannan sintiri. A na farko Humaira tana karanta allon makaranta daga benci na biyu. A na biyu sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga wanda ke gefenta. A na uku aka fara riƙe mata hannu a matakala.

Wanda ya kawo ƙarshen abin wani tsohon masunci ne, Ammu Bakri, da ya gaji da ganin baƙon mutum yana leƙen taɓo. Ya tare shi wata safiya ya miƙa masa shayi.

"Ya shaikh, shekara uku ke nan. Zobe ka yar ne?"

Abdulwahab ya karɓi shayin. Sanyi ya ci masa yatsu, gwiwarsa tana ciwo, kuma daren jiya ya ga 'yarsa tana lalube tana neman kofin da ke gabanta. Ya karya dokar ubansa, ya faɗi sunan dabbar da Larabci, ya kwatanta ta da hannu.

Tsohon bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya debo ruwan tafkin a tafin hannu ya ce, "Ɗanɗana." Gishiri ne, har da ɗaci. "A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Ban taɓa ganin wannan abu ba, ban taɓa jin wanda ya gani ba. Da ka tambaye ni ranar farko ai da na gaya maka."

Abdulwahab ya zauna a kan jirgin da aka kife, baƙin ciki ya cika masa ciki har ya kasa shan shayin. Ba rashin dabbar ne ya fi ci masa rai ba. Juma'o'in ne, da ya ƙirga su ya ga a kowace ɗaya, da ya zo da Humaira, da ta ga wani abu.

Mako na gaba ya ce mata ta shirya. Sabuwa ta saka mata rigar sanyi biyu, ta ɗaura mata gyale. A cikin bas yarinyar sai surutu take yi, shi kuwa yana ta shirya yadda zai gaya mata babu karen ruwa, amma akwai tsuntsaye, akwai jirage masu fenti, akwai ruwa iya ganinta.

Sun isa da hantsi, gari ya yi garau. Tafkin ya kwanta shuɗi har gindin duwatsun hamada, fararen tsuntsaye sun fi ɗari suna kiwo a gefe, jirage uku sun ɗaga filafilai. Ya riƙe kafaɗunta ya tsayar da ita daidai bakin gaɓa, fuskarta na kallon ruwan, har taɓo ya taɓa takalminta.

Ta tsaya tana jin iska. Sannan ta ɗaga kai wajen muryarsa.

"Baba, yalla mana, mu ƙarasa. Da sauran tafiya kafin mu kai ruwan?"